Durowar da Aka Rufe wa Baki

Magariba ta riski Usta Fathi kafinta a kicin ɗin gidan Midhat a unguwar Shubra, yana ɗaura ƙarfen da ke sa durowa ta rufu a hankali. Midhat ya ce bugun durowa ke hana su barci.

Sai ga ƙanshin soyayyar albasa, alhali murhu a kashe yake. Wata tsohuwa ta matso, ta tura durowar da ƙarfi don ta bugu. Durowar ta sulale, ta rufu shiru.

"Haba ɗana," in ji ta, "tun ina amarya ba mai saurarena a gidan nan sai na buga wannan. Ita ma kun rufe mata baki?"

Fathi ya waiga falo. Ga hotonta a bango, ɗaure da baƙin ƙyallen makoki.