Mai Raɗa a Kunnen Leandro

A garinmu na Las Cruces akwai wata yarinya 'yar aji biyu, mai kaifin kai da saurin baki. Kafin a gama tambaya ta ɗaga hannu. A gidansu Sifaniyanci ake yi. Turanci kuma ta tsince shi wajen yayyenta tun ba ta shiga makaranta ba.

Makarantarsu mai harshe biyu ce. Da safe komai da Sifaniyanci ake koyarwa, har lissafi. Bayan abincin rana sai a koma Turanci. Kowane yaro da abokin zamansa.

Abokin zaman yarinyar shi ne Leandro. Shi Turanci kawai yake ji. Babansa direban babbar mota ne, ba ya zama, mamarsa kuwa ba ta jin Sifaniyanci. A shekarar nan kakarsa ta wajen uba, Doña Eufemia, ta taso daga Chihuahua ta dawo gidansu. Ita kuma ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta ji. Tebur ɗaya suke cin abinci da jikanta, amma hirarsu ba ta wuce murmushi. Shi ya sa aka kawo Leandro wannan makaranta.

Tun ranar farko malamarsu, Maestra Quintana, ta kafa doka.

"In abokinka bai gane ba, nuna masa da hannu," in ji ta. "Zana masa. Maimaita masa a hankali. Amma da safe kada ka juya masa magana zuwa Turanci."

Yarinyar ta ga wannan ɓata lokaci ne. Abin da za a faɗa da kalma uku, don me za a tsaya ana ta wasa da hannu? Da malama ta yi magana, sai ta sunkuya ta yi raɗa.

"Ta ce a buɗe shafi na tara."

"Ta ce a zana kare."

Leandro ya ji daɗinsa. "Ke dai Allah ya bar mu tare," in ji shi. Daga nan ya daina wahalar da kunnensa. Malama na magana, shi yana ferar fensir yana jiran raɗa.

Sau biyu Maestra Quintana tana kama su. Yarinyar ta ce ta daina. Abin da ta yi kawai shi ne ta ƙara rage murya.

Bayan wata biyar aka yi Ranar Kakanni. Kowane yaro zai nuna wa kakarsa ko kakansa littafinsa, su yi hira da Sifaniyanci. Kakannin yarinyar suna nesa, don haka ta zauna a kujerarta ta kullum. Doña Eufemia ta zo da rigarta ta zuwa coci. Ta zauna gaban Leandro, fuskarta cike da murna.

"Jikana, wanne ne zanenka?"

Leandro ya juya ya dubi yarinyar. Ta yi masa raɗa. Ya nuna da yatsa.

"Wa ka zana a nan?"

Ya sake juyawa. Yarinyar ta sake raɗa, har ta amsa a madadinsa.

Tsohuwar ta dubi jikanta. Ta rufe littafin a hankali. Ta dubi yarinyar, ba tare da faɗa ba.

"Na gode, 'yata. Bakinki da daɗi. Amma muryarsa na zo ji."

Ta ciro hankici ta goge ido. Leandro ya taɓa hannun yarinyar.

"Me ta ce? Me ya sa take kuka?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta.

Da aka watse, Maestra Quintana ta tsayar da ita.

"Maestra, taimakonsa fa nake yi," in ji yarinyar.

"Na sani. To, yau me ya iya faɗa wa kakarsa?"

"Ba komai."

"Wata biyar ke nan kina ji masa. Ba zai tafi da ke gida ba."

A gida ta tarar da mamarta tana gasa tortiya, wato gurasar masara. Ta kwashe labari ta faɗa mata, tana hawaye.

"Mija, 'yata, share hawayenki," in ji mamar. "Dubi ƙaninki can. In kullum yana bayana, yaushe zai yi tafiya? Ina ajiye shi, ya faɗi, ya yi ihu, ni kuma in daure."

Washegari malama ta ce a ɗauko almakashi, Leandro ya miƙo kunne. Yarinyar ta nuna masa almakashi, ta maimaita maganar a hankali.

"Ke, yau bakinki ya mutu ne?"

"Kunnenka ne ya gama hutu, malalaci."

Kwana uku yana fushi. Ita ma ta sha wuya, don amsa na zuwa mata har bakin leɓe, sai ta haɗiye. Ta yi zane, ta yi tsalle kamar kwaɗo, ajin ya yi ta dariya. A hankali Leandro ya fara ɗaga kai in malama na magana.

Wata rana bayan bikin Ista, Doña Eufemia ta zo ɗaukarsa a bakin ƙofar makaranta.

"Yau enchilada zan dafa mana," in ji ta. "Jan barkono ko kore?"

Leandro ya buɗe baki, ya rufe. Yarinyar tana gefe, ta toshe nata da hannu.

"Kore, Abuela, kakata," in ji shi da Sifaniyanci, yana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Amma kaɗan. Naki yana ƙona mini harshe."

"Ji ragon banza! To me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Ban iya ba."

Tsohuwar ta fashe da dariya, ta rungume shi. Suka tafi suna ta gardamar barkono, ko waiwayen yarinyar ba su yi ba. Ita kuwa murna ta ishe ta.

Ranar ta gane cewa yi wa mutum aikinsa ba shi ne taimako ba. Taimako shi ne ka yi haƙuri, ka tsaya kusa da shi har ya iya da kansa.