Gidan Abinci Mai Shuɗiyar Ƙofa

Kullum bayan la'asar Auta takan ja wa Baba kujera zuwa bakin taga, ta zuba masa shayi, sannan ta zagaya da shi gari da fatar baki. Shekara talatin ya yi yana tuƙa tasi, babu lungun da bai san ramukansa ba, har ciwon ido ya zo ya rufe masa duniya. Tun daga ranar bai ƙara taka ƙofar gida ba, wai shi ba za a gan shi ana jansa a titi ba.

"Auta, bishiyoyin bakin kogi suna nan?"

"Suna nan, Baba, har sun haɗa kai ta sama."

"Agogon cocin nan fa, mai makara da minti biyar?"

"Har yau bai tuba ba."

Sai ya yi dariya, ya sassauta murya. "Gidan abinci mai shuɗiyar ƙofa fa?"

"Yana nan, Baba. Teburinku na jikin taga ma yana nan."

A nan ne kullum harshenta yake yin nauyi. Ta wannan tagar Baba ya fara hango marigayiya Umma, ya shagala da kallo har ya gabza motarsa a jikin bishiyar da ke ƙofar gidan abincin. Shekara biyu ke nan da rushe gidan, amma Auta ta kasa faɗa masa. Gani take idan ta faɗa, ta sake binne masa Umma ne.

Ita ma tana da nata mai kai ta gari. Ma'aikaci ne a gidan adana kayan tarihi, shi ke zagayawa da baƙi yana musu bayani. Ranar Talata makafi ke zuwa, sai ya kama hannunsu ya ɗora kan tukunya ko ƙofar katako, ya ce, "Shafa ka ji." Ba shi da mota, ko keke sai na aro. Duk soyayyarsu a ƙafa suka yi ta, daga tsohuwar gada zuwa lambun gari, su tsaya su kalli tattabaru suna sauka a kan hasumiyar masallaci kamar an watsa musu hatsi. Takalmi biyu Auta ta kashe a wannan yawo, kuma ba ta taɓa jin ta gaji ba.

Baba ya raɗa masa suna Mai Tukwane. Sau uku iyayensa suna aikowa, sau uku Baba yana cewa a'a.

"Mutumin da aikinsa gadin fasassun tukwane! Da me zai ciyar da ke? Da labarin mutanen da?"

"Baba, wallahi yana da albashinsa, yana da hankali..."

"Na ce a'a!" Ya buga hannun kujera, sai kuma muryarsa ta karye, maganar da ya daɗe yana ɓoyewa ta kuɓuce masa. "In kin tafi, wa zai riƙa kai ni gari?"

Auta ta shige kicin ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta kira Mai Tukwane a waya ta ce, "Sori, ka haƙura da ni kawai. Ba zan iya barinsa ba."

"Wa ya ce ki bar shi?" in ji shi. "Ni dai Asabar ina nan zuwa gaisuwa."

Wata takwas yana zuwa. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, Baba ya amsa da hanci ya juya wa taga fuska. Wata Asabar sai ya ce, "Baba, an ce daga tsohuwar gada zuwa wurin aikinmu babu gajeriyar hanya."

"Wane jahili ne ya ce?" Baba ya gyara zama, ya zayyano masa kwatancen hanya mai kwana bakwai ba tare da ya numfasa ba.

Asabar ta zagayo, Mai Tukwane ya dawo yana sosa ƙeya. "Baba, na bi kwatancenka, na ɓata. A bayan kasuwa na tsinci kaina."

"Ɓata? A kwatancena? Auta, miƙo min takalmina!"

Auta ta karkaɗe ƙurar shekara uku daga jikin takalmin. A ƙofar gida Mai Tukwane bai ja hannun Baba ba. Gwiwar hannunsa ya miƙa masa, ya ce, "Kai ne direba, Baba, ni gilashin gaba ne kawai."

Auta ta matso ta raɗa masa, "Don Allah, in ya tambayi gidan abincin, ka ce yana nan." Ya dube ta da tausayi.

Safiya ce mai laushi, iska na kawo ƙamshin ruwa. Baba ya ɗaga fuska yana shaƙa kamar mai ƙishirwa. Ya gane gadar daga ƙarar ƙafarsa a kanta, ya gane lambun daga sanyin inuwa. Da agogon coci ya buga goma sai ya ce, "Duba wayarka." Goma da minti biyar! Suka yi dariya su biyu, Auta na biye da su tana jin kamar mafarki take, tana addu'ar kada su bi ta wancan layin.

Ta can Baba ya bi. Ya ƙirga taku, ya ja ya tsaya cak.

"Nan ne. Amma ban ji ƙamshin soyayyen kifi ba. Mai Tukwane, wane launi ƙofar take yanzu?"

Auta ta runtse ido. Ta san amsa ɗaya za ta iya rushe wata takwas.

"Baba, babu ƙofar," in ji shi a hankali. "An rushe gidan. Shagon sayar da waya ne yanzu, gabansa duk gilashi."

Baba ya saki hannunsa. Auta ta fashe da kuka a tsakiyar titi. "Baba, ka yafe min! Tsoro nake kada ranka ya ɓaci!"

Sai Mai Tukwane ya yi abin da yake yi duk Talata. Ya kama hannun Baba a hankali, ya kai shi taku uku, ya ɗora a jikin bishiya. "Shafa ka ji, Baba. Ƙasa kaɗan."

Yatsun Baba suka sauka har suka faɗa cikin wani tsohon tabo, daidai tsayin hancin mota. Ya daɗe yana shafawa, hawaye na bin gemunsa, sai kuma dariya ta ƙwace masa. "Ni na yi wannan! Ummarku ta leƙo ta ce, malam, bishiyar ma fasinja ce?"

Ya share fuska ya lalubo kan Auta. "Daina kuka. Tausayina kika ji, na sani. Amma ni ma na zalunce ki, na ɗaure ki a bakin taga don ina tsoron titi." Ya juya inda yake jin numfashin saurayin. "Kai kuma, ka san ƙarya ɗaya za ta ba ka mata, ka ƙi yi. Ka ce wa iyayenka su zo. Sharaɗina ɗaya, duk Asabar ka zo mu fita tuƙi."

Bayan wata biyu aka ɗaura auren. Da Auta ta yi wa mahaifinta tawaye, da ta samu miji ta rasa uba. Ta yi haƙuri, shi kuma ya riƙe gaskiya a wurin da ƙarya ta fi sauƙi, sai Allah ya haɗa mata duka biyun. Har yau duk Asabar ana ganinsu su uku a bakin kogi, Baba a gaba yana faɗa wai gilashinsa ba ya sauri.