Farantin Gwaggo Hassu

Faruku dillalin tsofaffin tangaran ne a Gusau. Da ya kifa faranti ya ga tambarin gindinsa, ya san shekarunsa. Wannan sanin ne ya sa ya ɗauke farantin aure mai zanen zaki a gindi na Gwaggo Hassu, makauniyar da ta goye shi, ya ajiye mata sabo a gurbinsa. Har ta rasu ba ta ce uffan ba.

Ran sadakar bakwai, yana dawowa daga Bungudu bayan isha'i, babur ɗinsa ya mutu a hanya. Ko kukan gyare babu. Wata mata na tsaye a gefen kwalta, iska na kaɗa ciyawa amma ba ta motsa mayafinta.

"Malam, an ce kai ka san tambari. Duba mini wannan."

Ya haska fitilar wayarsa. Sabon faranti ne, gindinsa sumul. Ba ta sakar masa ba, babban yatsanta yana ta shafa inda zakin ya kamata ya kasance.

"Kullum sai na laluba, Faruku," ta ce a hankali. "Ban so in kunyata ka ba ne."