Ranar da Aka Wanke Dattijo

Ranar da Huzaifa ya fara ganin Wasila, a bakin hanyar Gazara yake, ya jiƙe sharkaf da gumi yana ta buga wa babur kik. Babur ɗin na marigayi mahaifinsa ne, ya girmi Huzaifa da shekara uku, shi ya sa mutanen ƙauyensu na bayan Paki ke kiransa Dattijo. Halin dattijan kuwa gare shi, sai ya ga dama yake tashi.

Ita kuma ta dawo daga kai wa babanta abinci a wurin matse rake. Ta tsaya da kwanonta a hannu tana kallon wahalarsa.

"Sannu da aiki," ta ce. "Ka tausaya wa ƙafarka, mai ne ya shaƙe shi. Mayar da cok ɗin, ka ba shi minti biyu."

Ya so ya yi musu, amma numfashinsa ya ƙare. Ya yi yadda ta ce. Bugu ɗaya Dattijo ya tashi, sai ka ce ba shi ne ya yi awa guda yana taurin kai ba.

"Baiwar Allah, wa ya koya miki?"

"Babana, Malam Ya'u mai gyaran inji. Ba shi da ɗa namiji, ni ce mai miƙa masa sifana."

Daga ranar Huzaifa ya zama ɗan hanyar Gazara. Yana kiranta Bakanikiyata, tana kiransa Mai Dattijo, kuma kafin a gama shuka kowa ya san zuciyarsu ta zama ɗaya.

Sai dai Dattijo ya ci amanarsa har sau biyu. Sau biyu Malam Ya'u yana sa rana manya su zo neman aure, ya shimfiɗa tabarmi, ya tara 'yan'uwa, sau biyun babur na mutuwa a hanya da Huzaifa da baffansa Bobbo, wanda shi kaɗai ya rage masa a dangin uba. A karo na biyu Wasila ta yi kwana huɗu ba ta ɗaga wayarsa, ta ɗauka ya fasa ne yake fakewa da babur.

Ga kuma Zainulabidin, mai shagon taki a Makarfi, da motarsa mai sheƙi, wanda bai taɓa makara ko da minti ɗaya ba. Inna Talatu, mahaifiyar Wasila, ba ta ɓoye inda take so a karkata ba.

Malam Ya'u ba mai yi wa 'ya dole ba ne, amma ya tsani saɓa alkawari. Ya aika da magana ɗaya: "Asabar. In aka kira la'asar manyansa ba su kan tabarmata, ya nemi wata, ni ba abokin wasansa ba ne."

Safiyar Asabar saƙonta ya shigo:

"Mai Dattijo, yau ce fa. Na yi ta addu'a har bakina ya gaji. Don Allah kada ka ba ni kunya a gaban Baba, ba ni da sauran abin da zan ce masa."

Ya mayar mata:

"Bakanikiyata, kwantar da hankalinki. Yau ko da rarrafe ne sai mun iso."

Don ya burge surukai, ya tura Dattijo bakin rafi, ya sa garin sabulu da soso ya wanke shi tas, ya yi ta kwara masa ruwa da bokiti har cikin inji. Ya turo shi gida ya ajiye a rana, yana kallonsa yana murmushi. Allah sarki, bai san ramin kansa ya haƙa ba.

Ana idar da azahar Baffa Bobbo ya fito da babbar riga da ƙullin goro. Huzaifa ya hau ya buga kik. Shiru. Ya sake, ya sake, har sau ashirin. Dattijo ko tari bai yi ba.

Ranar kasuwa ce, duk mai mashin a ƙauyen ya tafi tun safe, mota kuwa ba ta shiga hanyarsu da damina. Ya ɗauki waya ya kira ta.

"Wasila, ya ƙi tashi."

Da ta yi magana, muryarta ta canza. "Akwai mai a tanki? Ka buɗe makunnin man?"

"Na cika shi jiya. A buɗe yake."

"Kwance fulogi, ka jingina shi a jikin inji ka buga. Ka ga wuta?"

Babu wuta. Ya goge fulogin da gefen farar shaddarsa, ya busa hular fulogin, ya sake gwadawa. Wata 'yar shuɗiyar wuta ta yi tsalle. Ya mayar da sauri ya buga. Dattijo ya yi tari sau biyu ya koma barci.

"Ban san kuma me zan ce maka ba," ta ce, kuka na son ƙwace mata. "Iyakar sanina ke nan."

Ya dubi inuwar katanga, ta fara miƙewa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya ga ƙarara yadda zai rasa yarinyar nan a kan tsohon ƙarfe.

"Ki yafe mini, Wasila. Wallahi ba da gangan..."

Sai ya ji takun tafiya a wayar, da hayaniyar maza, sannan muryarta can nesa: "Baba, don girman Allah ka saurari injin nan."

Huzaifa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ina aka taɓa ganin mai neman aure yana waya da uban yarinya a ranar neman? Ya durƙusa a wurin da wayar a kunne, kamar Malam Ya'u na ganinsa.

"Baba, ina wuni..."

"Bar gaisuwar. Kai wayar kusa da inji ka buga in ji."

Ya buga. Dattijo ya yi tarinsa.

"Wannan ba tarin tsufa ba ne, tarin ruwa ne. An yi ruwa a wajenku?"

"A'a, Baba."

"To wanke shi ka yi?"

"Eh, Baba. A rafi."

"Don me?"

"Don kada in kawo Baffa ƙofar gidanka a kan abu mai datti."

Da Malam Ya'u ya sake magana, sai umarni ɗaya bayan ɗaya: ya kwance ƙusar da ke ƙasan kafireta ya bar abin da ke ciki ya tsiyaye har sai ya ga fetur zalla, ya ciro soson iska ya matse shi, sannan ya sa giya ta biyu a tura. Ya kashe wayar bai ƙara komai ba.

Ruwa ne kuwa ya fara zubowa, sannan mai. Baffa Bobbo, mai shekara saba'in, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya kama bayan babur yana turawa yana salati. A gangaren masallaci Dattijo ya yi ƙara ya tashi.

Sun yi gudu iya gudun Dattijo. Amma suna cikin gonakin rake, Gazara na hangen ido, Huzaifa ya ji ladan ya ɗaga murya. Hawaye ya zubo masa. Duk da haka ya kai Baffa bakin layi, ya koma gindin wani mangwaro ya zauna, shaddarsa duk baƙin mai, ya kasa ko ɗaga kai.

An fi rabin awa kafin wayarsa ta yi motsi.

"Mai Dattijo, share hawayenka, na san kuka kake. Baba bai naɗe tabarma ba. An raba goro. An ba ka ni."

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Ya'u. Inna Talatu ma ta sauko, ita ta fi kowa rawar kai a wajen jere. Da aka shafa fatiha, Malam Ya'u ya sa aka kira ango, ya riƙe hannunsa a gaban jama'a.

"Ka makara ranar nan, ban manta ba," ya ce. "Amma wanda ya riƙe tsohon ƙarfen ubansa duk wahalar nan bai yar ba, ba zai yar mini da 'ya ba. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Jama'a suka amsa da amin. Huzaifa ya ƙara ƙanƙame hannun surukinsa don godiya.