Gangaren da Ya Wuce Ni

"Ki kalla har ƙarshe, sannan ki kira ni makira."

Ta ɗora wayarta a cinyata, kusa da ƙafata da ke naɗe cikin siminti. 'Yar gwaggon saurayina Guguwa ce, ita ke ɗaukar wa ƙungiyarmu ta masu keke hotuna. Tun ranar da aka ce ni zai aura ba ta ƙara amsa gaisuwata da baki ba, sai da gira.

"Me zan kalla?"

"Masoyinki."

Na danna.

Hanyar burji ce cikin kurmi, ga gangaren nan mai tsakuwa da ke sauka zuwa rafi. Ga Guguwa a gaban kowa, ya duƙa a kan kekensa, ita tana biye da shi a bayan babur tana ɗauka. Ga kekena yashe a gefen hanya, tayar baya tana ta juyawa. Ga hular kwanota ruwan ɗorawa a cikin rami.

Sai na ji muryata, siririya, kamar ba tawa ba.

"Guguwa...! Guguwa, ƙafata!"

Ya ɗago. Ya juyo. Ƙafafunsa suka tsaya cak a kan feda.

Na ƙirga. Ɗaya, biyu, uku.

Ya mayar da kansa gaba, ya taka.

Ban san lokacin da wayar ta zame daga hannuna ba.

"Ke ma ai kin wuce ni," na ce da ƙyar.

Ta ɗauki abarta, ta goge da gefen gyalenta. "Ni ban taɓa cewa ina sonki ba."

Ta fita, ta bar min ƙamshin turarenta a ɗaki.

Shekara biyu da suka wuce na tura tsohon keken Yayana zuwa rumfar Guguwa ta gyaran keke, sarƙa ta tsinke. Ya dubi keken, ya dube ni.

"Wannan ai sai dai a yi masa addu'a, Malama."

"Gyara na kawo, ba ta'aziyya ba."

Ya yi dariya har ya saki sifana. Kafin wata uku ya haɗa min wani da hannunsa, mai faffaɗar taya da ke cin tsakuwa da laka. Ni kuma na nuna masa hanyoyin da bai sani ba. Babana ma'aikacin gandun daji ne har ya yi ritaya, tun ina ƙarama nake bin sa. Na san inda hanyar shanu ke ratsa gonaki, na san gadar katako, na san inda bishiyoyi ke rufe sama har mutum ya ji sanyi da rana tsaka. Duk ƙarshen mako, idan na huta da koyarwa, mu fita tare da 'yan ƙungiya. Idan na gaji a hawa, sai ya dafa bayana da hannu ɗaya yana tura ni.

"Taka, Barewata! Ina nan."

Hanyar gasar tseren keken da na faɗi a cikinta ma mu biyu muka fitar da ita, kilomita saba'in, muna ɗaura jan ƙyalle a rassa.

Gida biyu kuwa babu wanda ya yi murna da maganar aurenmu. Mahaifiyarsa ta ce ba ta haifi ɗa don ya kwaso mata mace mai yawo a daji da wando ba, alhali ga 'yar uwarsa a gida. Babana ya faɗi magana ɗaya.

"Mai facin taya ba zai riƙe min 'ya ba. Ya nemo aiki tukuna."

Sai ga wannan gasa. Wani kamfanin kekuna ya ce duk wanda ya zo na ɗaya zai ɗauke shi cikin 'yan tserensa, da albashi, da gida. Mata aka fara saki, maza suka biyo bayan minti ashirin. A gangaren rafi tayata ta gaba ta zame. Wanda ke bin Guguwa, baƙo ne da ban taɓa gani ba, shi ya jefar da kekensa ya sauko ramin, ya riƙe kaina har motar agaji ta zo. Guguwa kuwa ya zo na ɗaya.

Mako uku Guguwa yana zuwa kullum, yana zama gefen gadona da jajayen idanu.

"Da na gan ki, Barewata... wallahi da na gan ki, da kofin nan ya ci kansa."

Ni kuma ina share masa hawaye.

Da yammar ranar da ta nuna min abin da ta ɗauka, ya zo kamar kullum, da leda cike da lemo, fuskarsa sai annuri.

"Albishirinki! Baba ya amince! Yanzu na fito daga wurinsa, na nuna masa takardar ɗaukar aiki, har da sa min albarka!"

Na kawar da kaina.

"Barewata? Ƙafar ce?"

"Zauna."

Ya zauna a bakin kujera.

"Ka gan ni ranar nan?"

"Haba, sau nawa zan..."

"Ka gan ni, ko ba ka gan ni ba?"

Ya dubi ƙofa. Ya dubi ledar lemon. Daga nan na gane ya san wadda ta zo.

"Ita ce ko? Kin san abin da take nema! Kin san ita da Mama bakinsu ɗaya!"

"Na sani. Makira ce. Amma ba ita ta juya maka wuya ba."

Ya zube a ƙasa, ya kama ƙarfen gadon.

"Na ji muryarki... na ce tunda tana magana, tana da rai. Na ce akwai mutane a baya, minti uku kacal. Idan na tsaya, shi ke nan, Baba ba zai taɓa ba ni ke ba. Don ke na taka! Wallahi don ke!"

"Ƙashina ya fito waje, Guguwa."

"Ban sani ba..."

"Ba ka tsaya ka sani ba!"

Umma ta leƙo, ta ga yanayinmu, ta ja labule ta koma.

"Da ka zo asibiti ka ce min, na gan ki na wuce, ki yafe min, da na zage ka, na yi kuka, wataƙila na haƙura. Amma ka zauna nan mako uku ina lallashinka. Ni mai karaya, ni ke ba ka haƙuri!"

"Tsoro na ji, rabin raina. Tsoron rasa ki."

"Tashi ka tafi."

"Barewata..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan."

Washegari Baba ya shigo ɗakina, abin da bai saba ba. Ya tsaya yana juya hularsa a hannu.

"Uwata, ni na matsa wa yaron nan. Laifin nawa ne. Ki dubi girmana ki haƙura."

"Aiki ka ce ya nemo, Baba. Ba kai ka taka masa feda ba."

"Yanzu mutane za su ce don ƙafarki ya fasa."

"Su ce."

Kuma sun ce. Mahaifiyarsa da kanta ta riƙa faɗa a unguwa cewa Allah ne ya raba ɗanta da gurguwa. Likita ya cire simintin, ya auna, ya ce ƙafar hagu ta gaza ta dama kaɗan, ɗingishin ba zai tafi ba.

Ranar da kamfanin zai tafi da shi ya kira ni daga tasha. Ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"Ki ce in sauko. Kalma ɗaya. In yaga takardar in koma rumfata."

Na rungume wayar da hannu biyu. Allah ya sani, bakina har ya buɗe.

"Idan ka sauko, wata rana za ka dube ni ina ɗingishi ka tuna abin da ka bari. Idan na bi ka, duk ranar da na kwanta ciwo zan riƙa tunanin ko akwai abin da ya fi ni sauri a gabanka."

"Kin daina sona ke nan?"

"Da na daina ai da na huta."

Na kashe wayar. Na yi kukan da har Umma ta zo ta zauna a ƙasa tana taya ni.

Bayan wata takwas ya auri 'yar gwaggon tasa. Yaya ne ya gaya min, yana ta kame-kame, yana jiran in faɗi.

Ban faɗi ba. Na gama duba littattafan ɗalibaina, har na talatin da tara.

"Ba za ki ce komai ba?" in ji Yaya. "Ko Allah ya ba su zaman lafiya?"

Na rufe jar birona.

"Ƙarya ce ta raba mu, Yaya. Ba zan yi tawa ba."