Ruwa a Kwalbar Man Lemo

Can a wani zamani, a wani gari mai yawan itatuwan lemo, an yi wata tsohuwa mai haɗa turare. Kwana bakwai ta yi tana matse ɓawon lemon zaƙi kafin ta cika 'yar kwalba ɗaya da mai, wanda za ta zuba a humrar wata amarya da za a kai jibi.

Da hantsi za ta unguwa, ta ce wa jikarta, "Ki kula min da kwalbar nan."

Yarinyar ta buɗe don ta shinshina. Kwalba ta suɓuce, rabin man ya tsiyaye a ƙasa. Ta yi maza ta cika kwalbar da ruwa, ta girgiza. Mai ya taso sama, ruwa ya kwanta ƙasa. Ta sake girgizawa. Mai ya taso sama, ruwa ya kwanta ƙasa. Sai ta ji sallamar tsohuwa daga zaure.

Ta tura kwalbar bayan randa, ta tsaya, ta sake jawo ta. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, na zubar da man, kuma na ƙara ruwa."

Tsohuwa ta dubi kwalbar. Sannan ta tsame man da auduga, ta turo mata kwandon lemo.

"Share hawayenki, ɗauko wuƙa. Mu biyu za mu ƙarasa kafin jibi."