Magini da Jirgin Laka

A wani zamani can baya, an yi wani magini a bakin kogi. Duk damina sai ruwa ya cinye unguwarsu, saboda haka maƙwabtansa suka sayi jirage masu ɗaki a wurin masassaƙi.

Matarsa ta ce, "Maigida, mu ma mu saya mana."

Ya ce, "Ni da nake gina wa mutane gidaje? Da kaina zan gina!"

Ya kwaɓa laka, ya jera tubali, ya yaɓe jirginsa sumul. Masassaƙi ya leƙo ya ce, "Malam, laka fa ba ta jure ruwa."

Magini ya ce, "Da kaina na gina!" Ƙyaure kaɗai ya saya a wurinsa, shi ma yana ƙunƙuni.

Da ambaliya ta zo, suka shige jirginsu suka rufe ƙofa. Jiragen maƙwabta suka taso saman ruwa, nasu kuwa ya narke ya zama kunu. Suka rungume ƙyauren nan, shi ya kai su tudu.

Matar tana matse zanenta ta ce, "Maigida, ƙyauren ma da kanka ka gina?"

Magini ya tofar da laka ya ce, "Ina masassaƙin nan yake?"